Akuyar Baba Luka

Tun ranar da Malam Salahu ya shigo unguwa da motar, matarsa Ruka ta ce masa motar da ba ta ƙara sai ta ja masa magana. Dariya ya yi. Ƙaramar mota ce, tana shan fetur, ana kuma jona ta da wuta. In ta sami caji, yakan kai yara makaranta ya dawo bai ƙona mai ba.

Tsohuwar motarsa kuwa, da ya murza makulli awakin da ke kwance a ƙarƙashinta suke watsewa, don haka bai saba leƙawa ba.

Ran Talata da hantsi ya ja baya shiru, sai ya ji kuka. Akuyar maƙwabcinsa Baba Luka ce, mai ciki, ƙafarta a karye. Tsohon ya fito ya durƙusa yana shafa ta.

"Baba, wallahi ban gan ta ba."

"Ita ma ba ta ji ka ba, Malam." Ya ɗago kai. "Jiya 'yarka Hadiyya na gani a nan, ta shiga ɗauko ƙwallo."

Salahu ya sunkuyar da kai, ya kasa duban tsohon, balle Ruka da ke tsaye a bakin ƙofa.

An yi wa akuyar ɗori. Yanzu kullum sai ya durƙusa ya leƙa kafin ya shiga mota, maƙwabta na kallo. Ko akuyar za ta tashi, ko cikin zai tsaya, ba wanda ya sani tukuna.