Tururuwa Uku a Cikin Ƙoƙo

Gwaggo Barira ta kamo tururuwa uku a gindin katanga, ta zuba su a murfin kwano, ta shiga ɗakin mai jego.

Kwana uku ke nan da haihuwar Saudatu. A gidan nan na unguwar Limawa ba a ba jariri nono sai an gwada. Nonon farko, a wurin Gwaggo, datti ne, matsewa ake yi a zubar. Rana ta uku sai a tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa. In sun fita da ransu, nono lafiyayye ne. In sun mutu, a nemi magani. Gwaggo ita ta riƙe Maiwada, mijin Saudatu, tun yana rarrafe, kuma rabin 'ya'yan unguwar a hannunta suka faɗo. Ba a yi mata musu.

"Tashi zaune, 'yar nan," in ji ta. "Yau za mu raba shi da garin madarar gwangwanin nan. Jikana ba maraya ba ne."

Saudatu ta tashi zaune. Gaban rigarta a jiƙe yake. Da safe, kafin ya fita zaure inda kekensa na ɗinki yake, Maiwada ya ce mata ta ce wa Gwaggo nono bai zo ba. To, ya zo. Ko makaho ya taɓa rigar ya sani.

Ɗansu na fari, Sanda, ya sha nono wata goma sha huɗu. Daga gudawa sai tari, daga tari sai farin baki, har ya rasu. Da Saudatu ta sake samun ciki ta je awo, aka ɗebi jininta. Bayan mako biyu wata ungozomar asibiti, Sista Helen, mutuniyar Paiko, ta kira ta ɗaki ta tura ƙofa. Ta ce akwai ƙwayar cutar ƙanjamau a jininta. Aka gwada Maiwada, shi ma haka. Su biyu suka riƙe maganar, sai Sista ta ukunsu.

Saudatu ba ta yi kuka a gabanta ba. Abu ɗaya ta tambaya.

"Na cikin fa?"

"Ba kowane ɗa ke ɗauka ba," in ji Sista. "Wani a ciki yake ɗauka, wani wurin haihuwa, wani a nono. Akwai magani, da ƙyar ake samu, amma zan nemo miki. Watan ƙarshe za ki sha, safe da yamma. Yana rage haɗarin ne, ba ya kawar da shi. A nan za ki haihu, ba a gida ba. Nono kuwa ni ba zan bi ki gida in tsare ki ba. Wannan a hannunki yake."

Ta koya mata dama madara. Ruwa a tafasa, ko na famfo ne. Kofi da cokali, a wanke kowane lokaci. Ta ce in aka yi sake da ruwan, gudawa za ta riga cutar kashe shi. Ta ce kada ta kuskura ta haɗa nono da gwangwani.

Saudatu ta sha ƙwayoyin ba ta tsallake ko ɗaya ba. A ƙarƙashin kwanukan jerenta take ɓoye su. Da naƙuda ta zo ta tafi asibiti, Gwaggo ta yi fushin yini guda don an raina hannunta. Yaro ya zo da ƙibarsa. Kwana biyun farko al'adar Gwaggo ce ma ta rufa asiri, tunda ita kanta ba ta yarda da nonon farko ba.

Yanzu ga ƙoƙo a hannun Gwaggo.

"Matso. Kunyar me kike ji? Ni na yi miki wankan jegon fari."

Saudatu ta tatsa. A jiya ta yi tunanin ɗiga kananzir a ƙoƙon, ko a samu 'yan kwanaki ana neman magani. Amma Gwaggo da nata ƙoƙon ta zo, kuma ba ta sake shi ba.

Gwaggo ta karkata murfin, tururuwar suka faɗa. Saudatu ta zuba musu ido. Tun da take ba ta taɓa roƙon Allah ya kashe wani abu mai rai ba sai yau.

Ta farko ta yi iyo ta kama gefen ƙoƙo ta haye. Ta biyu ta bi ta. Ta ukun ta tsaya cik a tsakiya, ba motsi. Gwaggo ta kai ƙoƙon bakin taga ta ƙura ido. Can sai tururuwar ta motsa ƙafa, ta juya, ta kama hanya.

Gwaggo ta yi dariya. "Wannan ƙoshi ta yi, ba mutuwa ba. Kin ga nono kamar kindirmo. Alhamdu lillahi."

Ta leƙa tsakar gida, inda Sharifa maƙwabciya da wasu mata biyu ke hura wutar ruwan wanka, ta ce musu nono ya yi kyau. Suka yi barka. Sharifa ta ce dama gwangwani na matan ma'aikata ne masu tsoron zubewar ƙirji. Aka yi dariya.

Dariyar ta tayar da yaron. Gwaggo ta ɗauke shi ta yi bisimilla ta miƙo.

Saudatu ba ta miƙa hannu ba.

"Gwaggo, Sista ta ce a ci gaba da gwangwanin."

"Sista ta haifa miki shi?"

"Ta ce jinina bai da ƙarfi."

"Kunun kanwa zai ba shi ƙarfi. Karɓi."

Saudatu ta jawo zane ta rufe ƙirjinta. Gwaggo ta dube ta. Sannan ta ɗaga murya ta kira Maiwada. Ƙarar keke ta tsaya a zaure. Ya zo bakin ƙofa ya tsaya bayan labule, da almakashi a hannunsa.

"Ga ni, Gwaggo."

"Matarka ta hana ɗanka nono. Na gwada, lafiyarsa ƙalau. Ka yi mata magana."

Saudatu tana ganin ƙafafunsa ta ƙasan labule. Ta san abin da yake aunawa. Mata uku na tsakar gida da kunnuwansu. Kalma ɗaya ta fita, kafin azahar ta kai bakin kasuwa. Ba mai sake kawo ɗinki, ba mai cin tuwon suna, ba mai shan ruwa a randarsu.

"Gwaggo," in ji Maiwada, "ai wannan maganarku ce ta mata."

Ƙafafun suka juya. Jim kaɗan keke ya ci gaba da ƙara.

Gwaggo ta zauna a bakin gado. Muryarta ta yi ƙasa.

"'Yar nan, na san abin da ke ranki. Kina ganin nononki ne ya ci Sanda. Kwanansa ne ya ƙare. Ni 'ya'ya huɗu na binne, ban hana na biyar ba. Dubi bakinsa. Ki ji tausayinsa."

Ta ɗora mata yaron a cinya, ta sa hannu ta janye zanen. Yaron ya ji ƙanshin uwarsa, ya juyo da kai, yana laluba da baki. Nono ya ɗigo a kumatunsa. Saudatu ta sa gefen zane ta goge shi sarai, ta sa tafin hannunta tsakanin bakinsa da jikinta. Yaron ya tsananta kuka. A tsakar gida hira ta ɗauke.

"In da wani dalili, faɗa mini," in ji Gwaggo. "In babu, ba shi."

Saudatu ta saɓa yaron a kafaɗa. Da ɗaya hannun ta jawo kofi da cokali.

"Gwaggo, ki yi haƙuri," ta ce. "Ba zan ba shi ba."