Layin Ya Ɗan Sauka

…kuma kada ta faɗi dalili. Shi ne abin da za ta riƙe. Sala tana kallon zanen da ke kan takardar jarrabawa — layi ɗaya, baƙi, yana tafiya daga hagu zuwa dama: yawan yara 'yan ƙasa da shekara biyar a wani gari da ba a ba shi suna ba. Aikinta ta bayyana shi da Turanci. Ya hau. Ya hau sannu a hankali. Ya kai ƙololuwa. Ya tsaya cik. Duk ta haddace kalmomin nan, a cikin motar haya ta trotro, a bakin famfo, a ɗakin haihuwa tsakanin naƙuda da naƙuda…

“Sista Sala, wa ya tambaye ki labari?” Muryar Malam Abdulsalami ke nan ta dawo mata, mai koya musu Turancin jarrabawa a bayan shagon tela a unguwar Kawukudi, yana buga alli a kan benci. “Bature layi ya ba ki, ki mayar masa da layi. Me ya sa, me ya sa — wannan ki kai wa limamin unguwar Maamobi!” Ajin ya yi dariya. Ita ma ta yi. Wancan karon a nan ta faɗi jarrabawar: zanen farashin masara, ita kuwa ta cika shafi da fari da gobarar daji. Asibitin Ingila da zai ɗauke ta aiki ya ce zai jira ta sau ɗaya kuma. Sau ɗaya. Sayibu yana can, mijinta, yana wanke motocin bas, yana aiko hotonsa cikin rigar sanyi — ya rame, ko kyamara ce?

Layin. Ta koma kan layin.

Ga shi nan, wajen tamanin da uku, ya lotsa. Kaɗan. Kamar an danna da farce. Ba Ghana ba ce, ba a ce Ghana ba ce, wa ya ce… Amma shekarar yunwa ce, layin sayen dokunu, tuwon masarar nan, a unguwar Nima, tun kafin a ɗora tukunya — ɗanye ake saye, kowa ya je gida ya dafa, don in ka jira ya nuna ba ka samu. 'Yarta Husseina a bayanta, ba nauyi. Yarinya mai shekara biyu, ba nauyi! Tana ta gyara zanen goyo tana cewa barci take, barci… Ma'aikaciyar jinya, mai auna 'ya'yan mutane a sikeli, tana ɗiga musu ɗigo a kati…

Fankar sama tana juyawa. Na kusa da ita ya juya shafi.

Wace kalma ce? Akwai ta faɗuwa daga sama, akwai ta gangarowa, akwai ta 'yar lotsawa da ba ta kai a damu ba. Malam ya ce a auna da ido: in bai kai rabin gida ɗaya na zanen ba, ƙarama ce. Ta auna. Bai kai ba.

Alƙalamin yana tafiya. A shekarar 1983 adadin ya ɗan sauka kaɗan, kafin ya farfaɗo a shekara mai zuwa. Ta karanta. Babu kuskure ko ɗaya. Malam zai tafa mata.

Za ta ci, ashe. Wannan karon za ta ci.

Tana kallon hannunta a kan takardar — ko rawa bai yi ba…