Dutsen Tama

Mu'awiya ya ɗaga jan dutsen sama don 'yan bayan aji su gani, yana bayani da Faransanci cewa zinariya kan zo ita kaɗai a cikin ƙasa, amma baƙin ƙarfe ba ya zama shi kaɗai. Kullum a haɗe yake da oksijan cikin dutsen da ake kira tama, sai an sha wuya da wuta kafin a raba su. A kujerar ƙarshe Madam Fiddausiya, mai duba malamai da aka turo daga Tawa, tana rubutu ba ta ko ɗaga kai.

Shekara shida ke nan yana koyarwa a Buza, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce mahaifinsa manomi ne a Azarori. Ba ƙarya ba ce ƙwarai, don mahaifin nasa, Kalla, yana noman gero da damina. Sai dai sauran wata tara a gindin maƙera yake yin su, kamar ubansa da kakansa, kuma Mu'awiya ya ji irin abin da ake faɗi a kan maƙera a ɗakin malamai idan hira ta yi daɗi. Shi ya sa da tsohon ya iso da safen nan a motar kasuwa, da jakar fata a kafaɗa, ya gaishe shi a gurguje ya ce ya jira a gindin itacen bedi can ƙofar makaranta.

Madam ta miƙa hannu a ba ta dutsen. Ta jujjuya shi, ta auna a tafinta, ta tambayi inda ya samo. Ya ce a bayan gari ya tsinto jiya. Gaskiyar magana, ya ga ja ne kawai ya ɗauka. Tun yana yaro ya ƙi tsayawa ya koyi abin da ake yi a gidansu.

"Wanga ba tama ba ta, ɗiyata," in ji wata murya daga taga. "Marmara ta. Tama nauyi gare ta."

Kalla ne. Rana ta kore shi daga gindin bedi, inuwar ajin ya biyo. Yara suka yi dariya. Mu'awiya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Madam kuwa cewa ta yi tsohon ya shigo. Ya tuɓe takalmansa a ƙofa, ya kwance jaka, ya fito da duwatsu uku baƙi-baƙi. Ashe tun da ɗansa ya ambaci darasin a waya ya hau tudun da kakanninsa suke haƙa. Ya goga ɗaya a jikin katanga, ya bar jan layi kamar busasshen jini. Ya faɗa musu yadda ake gina murhun laka mai tsawon mutum, a jera tama da gawayi hawa-hawa, wuta ta wuni ta kwana, ƙarfe ya taru a ƙasa, kashinsa, wato dattin dutsen da ya narke, ya kwarare gefe. Ya ce sau biyu ya gani da idonsa, kafin ƙarfen tsofaffin motoci ya kashe sana'ar. Ajin da Mu'awiya ke fama da shi kullum ya yi tsit.

Madam ta rufe littafinta, ta ce a duk zagayenta ba ta ga malamin da ya yi dabarar gayyato masanin gida irin haka ba, kuma za ta rubuta hakan. Sannan ta dubi su biyun, fuska da fuska.

"Baba, ko kuna da dangantaka da malam? Na ga kamanni."

Kalla ya dubi ɗansa. Mu'awiya yana kallon allin da ke hannunsa, ya kasa ɗaga ido. Tsohon ya jira kaɗan, sannan ya ɗaure bakin jakarsa.

"A'a, Madam. Garinmu dai guda na."

Ya bar duwatsun a kan teburin, ya sa takalmansa, ya koma ƙofar makaranta ya ci gaba da jira.