Tseren Lemo a Magudanar Loretta

Lemo uku Loretta Favero ta jefa daga kan gada, ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya tsakiya, sannan ta bi su da sassarfa ta bakin magudanar tana duba agogo. Haka ake gwada gudun ruwa a yankinsu tun kafin a haife ta. Akwai na'ura a bayan motarta, amma a safiyar da aka fara sako ruwa ta fi yarda da lemo.

Ba su yi nisa ba na gefe suka gangaro tsakiya suka haɗe da ɗan'uwansu, suka tafi kafaɗa da kafaɗa har gada ta biyu. Gudun ya yi daidai da lissafinta, bai yi ƙarfin da zai ci gefe ba, bai kuma yi sanyin da laka za ta kwanta ba. Wannan ce magudana ta farko da hukumar ruwa ta sakar mata ta tsara ita kaɗai, daga faɗi da zurfi har gangara. Daɗi ya kama ta har ta daka tsalle. Sai da ta sauko ne ta tuna yau ne tseren lemo.

Duk shekara, ranar da ruwa ya dawo bayan hutun sanyi, kowane gida a garinsu Wirrabee yakan rubuta sunansa a jikin lemo, a jefa daga gadar farko, wanda ya riga isa ta biyu ya ɗauki kofi. Mahaifinta Bortolo shi ne uban tafiyar. Tsohuwar magudanar ta ƙasa ce, karkatacciya, cike da ciyawar kachala, ruwan da take zubarwa a hanya ya isa ya shayar da wani garin. Amma tana da lunguna da wuraren da ruwa ke juyi, kuma sanin inda za ka jefa shi ne gwaninta. Tun rasuwar mahaifiyar Loretta, tseren nan kaɗai ke fito da tsohon daga gonarsa ya shiga mutane. In lemo suka isa tare babu sauran tsere, kuma da hannunta ta kashe shi.

Dougie Mulcahy, mai kula da ƙofofin ruwa, yana jingine da a-kori-kurarsa, ya ga komai.

"Injiniya, sannu da aiki. Kin gyara ruwa, kin binne tsere. Wa zai kai wa tsoho labari, ni ko ke?"

Loretta ta tambaye shi ko yana da buhunan yashi. Ya ce suna nan jibge a bayan mota tun ambaliyar bara, amma ya tuna mata cewa shugabanta zai zo yau da mai ɗaukar hoto, kuma ba don ya ga shara a cikin sabon kankare zai zo ba. Loretta ta tsaya tana ƙissimawa. Buhunan za su ɗaga ruwa kaɗan, amma tazarar da ta bari tsakanin ruwa da bakin magudanar ta isa ta shanye wannan. Abin da ba ta iya lissafawa ba shi ne fuskar shugabanta.

Ta cire takalmi ta shiga. Ruwan Agusta, ƙarshen lokacin sanyi a ƙasarsu, ya yanke ta har ƙashi. Dougie yana miƙo buhu yana dariya, ita tana jerawa, biyu a dama, can gaba uku a hagu, ɗaya a tsakiya a karkace. Ruwan da ta yi watanni tana lallashi ya miƙe ya fara murɗewa yana kumfa. Abin ya yi mata ciwo sosai, amma ba ta fasa ba.

Tana fitowa tana rawar ɗari sai ga Bortolo da kwandon lemo a kafaɗa. Bai taɓa kiran aikinta magudana ba, lambatu yake cewa. Ya dube ta sama da ƙasa, ya dubi ruwan, ya ja ta gefe nesa da kunnen Dougie.

"'Yata, ke kika gina lambatun nan. Faɗa mini inda zan jefa. Abokin hamayyata Silvano ne ya ɗauki kofi bara, har yau bai bar ni na sha iska ba."

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Kuɗin makarantarki ya tafi a banza ke nan."

Ta yi masa bayani cewa ruwa in ya fara juyi ba mai sanin inda zai kai abu, ko injiniya. Ya ce shi dai rowa ya gani, ya yi gaba yana gunaguni.

Kafin azahar gada ta cika. Ana gasa nama da albasa, hayaƙi ya turnuƙe, tsofaffi suna zolayar juna rabi da Italiyanci, harshensu na asali. Shugaban nata ya iso a daidai lokacin. Ya leƙa ruwa, ya daɗe yana kallon buhunan, ya tambayi ko mene ne wannan. Ta ce gwaji ne. Ya ce madalla, to gwajin ya ƙare kafin rana ta faɗi, kuma ta same shi a ofis ran Litinin. Mai hoto ya mayar da kyamararsa jaka.

Dougie ya busa usur, lemo suka zuba. Da farko sun dunƙule a tsakiya. Suna kaiwa buhunan farko suka tarwatse, wasu suka yi gefe, wasu suka nutse suka ɓullo can gaba, jama'a suka bi su da gudu ana ihu. Na Silvano ya sulale ta hagu ya sake cin kofi. Na Bortolo kuwa ya faɗa bayan buhun nan na tsakiya, ya yi ta juyi a wuri ɗaya har aka gama tafi.

Tsohon ya tsaya a kansa yana shelanta wa duk wanda ya zo wucewa cewa 'yar cikinsa ce ta ɗana masa tarko. Silvano ya zo ya ba shi aron kofin ya taɓa, suka yi ta cacar baki. Rabon Loretta da ta ji muryar mahaifinta da ƙarfi haka har ta manta.

Da yamma, mutane sun watse, tana cikin ruwa tana fitar da buhunan, sai ga shi ya dawo. Bai kama mata ba. Ya tsuguna daidai inda na tsakiyar yake, ya ɗauki dutse, ya karta dogon layi a jikin sabon kankaren.

"Baɗi a nan za ki mayar da shi. Na gane shi yanzu. Kada ki gaya wa Silvano."

Loretta ta dubi layin nan a jikin magudanarta, ta ce to. A ranta kuwa ta riga ta matsar da buhun can gaba.