Ƙarshen da Yaya Uwani Ta Karanta Mini

Daren jiya wani mafarki na yi, kuma Lawandi ne ya ja mini shi. Lawandi mai gyaran rediyo ne a gefen shagona. Sati uku ke nan muna musu a kan wani tsohon littafi da aka mayar fim, labarin maƙerin da ya ƙera jirgi ya tafi wata tauraruwa nemo wa garinsu ruwa. A fim ɗin ya aiko da ruwan, amma shi ya mutu a can. Ni kuwa na kafe cewa a littafi ya dawo gida da ƙafarsa, kuma ni ba a kayar da ni a musu.

Sai ga ni a wani gari inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, mutane na tafe da lema a juye. Ban ga abin mamaki ba. Na naɗe ƙafar wandona na shiga layi.

Ashe layin kotu ne. Alƙaliyar wata jar akuya ce mai tabarau, magatakardanta bunsuru. 'Yan fim na zaune a hagu, fuskokinsu na haske kamar talabijin. 'Yan littafi na dama, kowa da furfura, har jariran da ke goye. Na zauna cikinsu ina hura hanci.

"A nan ba ma ɗaure kowa," in ji akuyar. "Wanda ya faɗi shari'a, labarinsa nake cinyewa. Abin da na cinye kuwa, ba mai ƙara tuna shi."

Lawandi ya miƙe. "Ranki ya daɗe, mutumin nan taurin kai ne da shi. Bai ga kyan jirgin ba, bai ga komai ba, kullum ƙarshe, ƙarshe."

Na ce, "Ranki ya daɗe, sun kashe mutumin da marubuci bai kashe ba."

"To karanta mana," in ji akuyar.

Na zaro tsohon littafin gidanmu daga aljihu na buɗe. Labarin ya tsaya daidai inda maƙerin ya buɗe ƙofar jirgi, daga nan ba sauran shafi sai zaren ɗinki. Bunsurun ya kawo cikakken kwafi, ya yi gyaran murya, ya karanta. Maƙerin ya mutu a can, kamar dai yadda fim ya nuna. Mutanen ɓangarena suka riƙa tashi sama tare da ruwan, ɗaya bayan ɗaya, ba ko sallama. Kunya ta rufe ni.

"Kai a ina ka samo naka?" in ji akuyar.

Sai a lokacin na tuna ban taɓa karanta littafin da idona ba. Yayata ce ta karanta mini, ina ɗan shekara bakwai.

Kawai sai ga tsakar gidanmu na da a rataye saman kotun. Yaya Uwani, wadda ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, na zaune kan tabarma tana tsince shinkafa a faifai. Tana nan 'yar budurwa kamar a wancan lokacin, yanzu na girme ta nesa ba kusa ba, amma duk da haka na durƙusa.

"Yaya, ina sauran littafin?"

"Inna ta ƙulle daddawa da shi tun kafin in iya karatu," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"To ƙarshen da kika karanta mini fa?"

"Ido na zuba wa bangon littafin na shirya maka. Kai ma dai, Tanimu. Shekarar nan Baba ya tafi kudu neman aiki bai dawo ba, kullum kana bakin zaure kana jiran mota. Sai in ƙara maka wani wanda bai dawo ba?"

Kewarta ta kama ni.

Bunsurun ya sa kofato ya zaro ƙarshen daga kunnena. Wata 'yar takarda ce ba rubutu a jikinta, sai muryar Yaya da ke fita a hankali, tana cewa maƙerin ya sauka, ya yi sallama, an kawo masa ruwa a ƙwarya.

"Ka faɗi shari'a," in ji akuyar, ta miƙo wuya.

"Na faɗi, ranki ya daɗe. Lawandi ya fi ni gaskiya."

Na warce takardar na cusa a bakina.

Akuyar ta dube ni ta saman tabarau. "Idan ka haɗiye, ba za ka ƙara kafa hujja da shi ba. Ba wanda zai yarda da shi sai kai kaɗai."

Na gyaɗa kai, na haɗiye.

Nan injin markaɗen maƙwabta ya tashe ni da ƙararsa, mata na jera bokitai a bakin ƙofa. Na daɗe a kwance ina saurare, bakina a rufe gam.