Furen Kan Rufin Dahir

A ƙauyen dutsen nan, duk magidancin kirki yakan hau rufin ƙasa na gidansa bayan an yi ruwa, ya mirgina gungumen dutse a kai har ƙasar ta daddale. Dahir ba magidancin kirki ba ne. Malalaci ne, ba wani suna.

Matarsa Nazha ta gaji da tarar yoyo da tukwane. Ta rantse in rufin ya sake ba ta kunya, sai gidan ubanta. Tun daga nan, in ruwa ya ɗauke, sai Dahir ya hau, ya zauna a kan dutsen, yana buga dunduniya yana nishi don ta ji daga ƙasa.

Amma babunaj ba ya rufa asirin kowa. Ɗan tsiro ne da bai kai taƙi ba, ganyensa siri-siri, furensa fari da ƙwayar rawaya a tsakiya. Abin da yake so kawai rana da ƙasa sako-sako. Inda dutse ya bi, ba ya samun wurin kafa saiwa. Da sanyi ya wuce, wanda a can shi ne lokacin damina, rufin Dahir kaɗai ya yi fari fat a ƙauyen.

"Abu Milhim," in ji Nazha, tana kiran mijin da alkunyarsa, hannu a ƙugu, "dutsen naka fure yake haifa?"

"Haba, Ummu Milhim! Ni na shuka, saboda ciwon cikin maƙwabta. Ke ba kya son lada?"

Don ƙaryar ta zauna, ya leƙa ta katanga ya kira Ummu Sarkis, mace mai jiki, wadda kullum take kukan kumburin ciki.

"Goggo, hau ki tsinka, a dafa miki."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ashe kana da amfani!"

Ta hau tsani da kwando, shi kuwa ya shige ɗaki ya miƙe. Ƙasar da ba ta ga dutse ba duk damina, saiwoyi kuma sun huhhuda ta, ba ta ɗaukar irin wannan baƙuwa. Sai ji ya yi ƙasa ta cika masa baki. Ya buɗe ido, ga ƙafar Ummu Sarkis tana lilo bisa hancinsa.

"Wayyo! Dahir, turo ni sama, ɗan banza!"

Nazha ta dubi ƙafar, ta dubi mijinta, ta fara naɗe kayanta.

Wannan bazarar, rana na dukan ƙeya, ba ko gajimare, an ga Dahir yana mirgina dutse a kan rufi safe da yamma, yana juyawa ɓangaren gidan surukinsa don a gan shi.