Yau An Sa Gishiri

...kuma ba roƙo zan yi ba, a'a, na gama roƙo. Yau magana zan yi, a tsaye, dalili bayan dalili, yadda nake jera wa 'yan aji a kan allo. Bakina ne. Cikina ne. Ni na haife ta, ba ita ta haife ni ba. Bari dai ta fito daga kicin ɗin nan.

Kina ji na, uwar yara? Da kina raye da ba a yi mini wannan cin fuskar ba. 'Yarki — to, tamu, na ji — tun ranar da likita ya ambaci hawan jini da ƙoda ta mai da ni abin gwaji. Abu ɗaya na ce a bar mini a duniya. Ban ce nama ba, ban ce kayan zaƙi ba. Soyayyen dankalin turawa. Shi ke nan fa. Sai ta je ta kinkimo wata tukunyar lantarki mai hura iska, wai ita ma suya take yi. Suya ba mai? Abin ya fito fari fat, bayansa a bushe, cikinsa kamar audugar tsohuwar katifa, gishiri ko ƙwaya... ta dire mini tana murmushi. "Baba, ɗanɗana ka ji, wallahi ba bambanci." Ba bambanci! Ni za a gaya wa? Ni da nake rage wa yaro maki don ya ja layi ba da rula ba?

Ke kin sani. Kaurin alli, sabon alli da ba a karya ba, kada ya fi, kada ya gaza. Ba irin siraran nan na shaguna masu kama da tsinken sakace ba, kafin ka kai baki sun huce. A jiƙa a ruwan sanyi, a tsane, a baza a kan tsumma ya sha iska. A soya da wuta kaɗan har cikin ya nuna, a kwashe. A bar shi ya huta. Sannan a ƙara wuta, mai ya yi zafi sosai, a mayar — nan ne maganar take, suya ta biyu. Gishiri kuwa tun yana tururi, in ya huce ba ya kamawa. Garin barkono kaɗan. Kuma kada a rufe! Wanda ya kifa wa soyayyen dankali murfi ya kashe shi, gumi zai yi ya yi laƙwas. Jan abin nan na kwalba da jikoki ke malalawa a kai, wannan ba cin dankali ba ne, shan tumatir ne da sukari...

Kina dariya. Kina cewa, "Malam, kai ko dankali sai ka yi masa jarrabawa." Kina tsaye da matsami a hannu, gefen zanenki duk ɗigon mai, ni ina kan tabarma da tulin littattafan yara da jan biro, ina satar ɗaya daga kwando kina bugun hannuna —

Me ke ƙara haka? Wuƙa ce a kan katako. Ƙwas. Ƙwas. A hankali take yankawa. To yanka ki ga, yau ko kin kawo ba zan ci ba. Zan ture farantin, in ce a kira mini likitan a waya, in ji da kunnena inda aka rubuta cewa tsoho ya ƙare rayuwarsa yana tauna auduga.

Auta yana falo. Shi ma abin tambaya ne. Yaron da aiki ya kai shi nesa, wanda sai a yi wata da watanni muryarsa kawai ake ji, jiya sai ga shi da jaka, ba sanarwa. "Hutu na samu, Baba." Wane hutu a tsakiyar shekara? Ya kunna talabijin ya kashe sautin. Mutum ya zauna yana kallon bakin mutane yana motsi. Ɗazu da muka dawo daga asibiti, shi ya durƙusa ya cire mini takalmi. Auta! Wanda ko nasa ba ya jerawa.

Asibitin nan... sanyin na'ura har cikin ƙashi. Likitan, yaro ne, na tabbata na koyar da sa'o'in ubansa, ya riƙe hoton cikina yana juyawa, yana kallon hoton, yana kallon 'yarki, ni ko kallo. Jikin wa ake magana a kai? Sai ga nas ta leƙo. "Baba, zo mu auna nauyinka." An auna ni da shigowata, na faɗa mata. "A sake dai, Baba." Ta riƙe mini hannu kamar mai tsallakar da makaho titi. Ƙofa ta rufe a bayana, su biyu suna ciki.

Ni za a yi wa wannan? Ai ni na san dabarar. In uban yaro ya zo makaranta, kuma abin da zan faɗa ba na kunnen yaron ba ne, sai in ce, kai, je ofis ka ɗebo mini alli. Alli kuwa ga shi cike da aljihuna. Yaron ya ruga da murna, an aike shi...

Wannan ma yana cikin abin da zan faɗa. A gaya mini. Haƙƙina ne. Ba a ɓoye wa mutum sakamakonsa, ko ya faɗi, sai a kira shi a nuna masa inda ya faɗi.

Muka shiga mota, muka kamo hanyar gida. Auta yana tuƙi da hannu biyu kamar ɗan koyo. A bakin kasuwa 'yarki ta ce ya tsaya, ta shiga, ta fito da leda cike da dankali da galan ɗin mai. Na ce a raina, su za su soya wa kansu, ni a hura mini iska. Na kau da kai. Ina ta tara jawabina.

Tsaya.

Wannan ƙamshin...

Mai ne. Mai a kasko. Ba hucin tukunyar nan ba ne mai kama da na injin busar da gashi. Ji — caaa. Dankali ya shiga mai. Uwar yara, kina ji? A gidan nan! To don su ne, na faɗa. Za su ci a kicin a ɓoye, su goge baki, su fito mini da nawa fari fat. Rashin ta-ido har ya kai a soya ina zaune ina shaƙa?

Ta kwashe. Shiru. Ta rage... a'a, ta ƙara wuta, ina jin gas ɗin yana huci. Me take jira?

Hutawa yake yi. Ta bar shi ya huta.

Caaaa — suya ta biyu! Wa ya koya mata? Ke ce. Tana 'yar ƙarama tana tsaye a gefenki a kan kujerar tsugunno. Ashe ta iya. Duk watannin nan ta iya, tana kallona ina tauna katifa, tana cewa ba bambanci. Wannan ya ƙara laifin, ba rage shi ya yi ba. Zan faɗa mata. Bari in gyara zama. Ina sandata? Zan miƙe ne, magana irin wannan ba a yin ta a zaune —

Ga ta.

Faranti a buɗe, ba murfi. Ta shimfiɗa takarda a ƙasa ta tsotse mai. Kaurin alli. Ja-ja-ja, gefensa ya yi duhu kaɗan yadda nake so. Gishiri yana ƙyalli a jiki. Barkono. Har da soyayyen ƙwai a gefe, wanda aka hana ni tun bara. Gabana ta ajiye. Gabana.

Kuma ta ajiye kwalbar gishiri kusa da hannuna. Kwalbar da ta ɓoye a saman kabad don kada in kai.

"Ci, Baba, tun da zafi. In bai isa ba akwai saura."

Idonta ja. Hayaƙi ne, za ta ce, ko albasa. Ba a sa albasa a dankalina.

Ina jawabin? Na jera shi tun a mota. Bakina ya buɗe, abin da ya fito kawai: "Likitan fa?"

"Ya ce... ya ce ka ci duk abin da ranka yake so."

Ta juya da sauri. Ta kunna famfon kicin, ta sake shi da ƙarfi, ruwa yana dukan kwano. Ba wanke-wanke take yi ba, ba na jin ƙarar cokali.

Duk abin da ranka yake so.

Yayana, Allah ya jiƙansa. Ɗakin nan mai warin magani. Ciwon sukari ya hana shi zaƙi shekara da shekaru, matarsa har aljihunsa take lalubawa. Ran nan likita ya ja ni gefe a baranda ya faɗa mini kalmomin nan, su ɗin nan, ba ragi ba ƙari. Na fita na sayo wa Yaya lemon kwalba mai sanyi, na buɗe masa da kaina. Ya karɓa. Ya daɗe yana kallon raɓar da ke gangarowa a jikin kwalbar, sannan ya ɗago ya dube ni. Bai tambaye ni komai ba. Ya shanye tas, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ƙanena." Na ɗauka bai gane ba...

A'a. A'a, ku dawo mini da tukunyar iskar. Ku kawo farin nan marar gishiri, zan ci, wallahi zan cinye, ba zan ƙara cewa uffan ba. Ku ɗauke kwalbar nan ku mayar saman kabad. Ku hana ni. Wani ya zo ya hana ni mana!

Auta yana bakin ƙofa. Ina ganin inuwarsa a kan tayil, ba ya shigowa, ba ya komawa. Jira yake ya ga na ci. In na ture, sun san na sani. In na ci...

Yana hucewa. Dankali ba ya jiran mutum.

Ɗaya. Zafi a yatsa. Ƙurus — bayan ya fashe, cikin ya narke, gishirin ya kama daidai. Daidai, uwar yara. Kamar naki. Ina juya farantin, ina tonawa, ko ɗaya da ya ƙone, ko ɗaya da bai nuna ba, guda ɗaya tak da ya sha mai, in ɗaga murya in kira ta in yi faɗa, ta fito ta rama, ta ce Baba kai dai ba a iya maka, gobe ma iska za a hura maka...

Babu. Duk sun yi.

Ruwan nan har yanzu zuba yake.